Gogen yayana Arzika da tsoron da ya dawo mini

Ina gaishe ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarshi ta zauna tare da ku, ku da kunka zo daga Buza, da na Keita, da mu na nan Madawa.

Sunana Kande, matar Ilu tela. Da anka ce in tashi in ba da shaida a wanga taro na mata, na ce ma matar Pasto ban san ko abin da ke bakina ya kai a kira shi shaida ba, don har yau akwai wuraren da ban gane ba cikinshi. Ta ce in hwaɗi wanda na gane, wanda ban gane ba shi ma in hwaɗe shi hakanan. To, haka za ni yi.

An haihe ni cikin wani ƙauye kusa da Karofane. Gidanmu gidan Anna ne, ba mu salla, ba mu san eglizi, wato majami'a, ba. Muna da Doguwa, iskar gida wadda kakanni sunka bar muna, ana yanka mata baƙar akuya kamin shuka. Ranar wasan bori kan innata take hawa. Ina da shekara kamar goma sha ukku ta bar inna ta dawo kaina.

Mai kiran ta kuwa yayana ne, Arzika, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya koyi goge tun shina ƙarami, kuma hannunshi na da daɗi har ƙauyukan Bangi ana aiko mishi. Kowace iska tana da takenta, wato kiɗan da take amsawa. In Arzika ya ja taken Doguwa, sai in ji sanyi ya kama ni daga tahin ƙahwa shina hawa. In ya kai ƙirji, shi ke nan, duhu. Sai dai in hwarka da ƙasa cikin baki, gwiwa a kurje, mutane na gaya mini abin da na ce da wata murya wadda ba tawa ba. Wasu na ganin girma ne. Ni tsoro nike ji, kullum.

Shekarar babban hwari na hwarko inna ta rasu, ni kuma ƙahwata ta kumbura har ba ni iya takawa. An yi yanka, an yi wasa, ba ta sauka ba. Arzika ya ɗora ni bisa jaki har bakin hanya, munka samu kamyo, babbar motar kaya, ya kai ni lopital, asibitin mishan. Wata biyu ina kwance, shi kuma shina kwana waje tare da masu jinya. Can ya riƙa jin wa'azi kowace sahiya. Shi ya hwara ba da gaskiya, ni na biyo bayanshi.

Da munka koma gida ya ɗauko gogenshi gaban idona, ya taka shi da ƙahwa, ya sa mishi wuta. Ya ce mini, “Kande, daga yau hannuna ba shi ƙara kiran ta. Ki kwantar da hankalinki.”

Na kwantar da shi kuwa. Shekara goma sha biyu ban hwaɗi ba ko sau ɗaya. An yi mini baptisma, na auri Ilu, munka zauna nan Madawa, Allah ya ba mu ɗiya ukku. Duk inda na tashi cewa nike Yesu ya cece ni daga Doguwa.

Amma bari in gaya muku abin da ban taɓa hwaɗa ma kowa ba a lokacin. Cikin shekarun nan duka ban bari kunnena ya ji goge ba. In ana biki da makaɗa a kartiyenmu, wato unguwarmu, sai in ɗauki goyo in tahi gidan wata can nesa in wuni. In radiyo ta sa kiɗan gargajiya, sai in ce ma Ilu pil, wato batir, za su ƙare, shi kashe. Cikin kasuwa na san layin da masu kiɗa ke zama, ban taɓa bin shi ba. Ban ɗauki wannan komi ba. Ce nike tsabtar rai ce.

Arzika kuwa waƙa ba ta bar shi ba. Ya koyi gitar wurin wani mushe, wato malamin makaranta, na lakwal ɗin mishan, ya shiga rera waƙoƙin littahi, irin waɗanda muke yi ran Lahadi. Da yawanku kun san kaset ɗinshi na hwarko, wanda ke da hotonshi da kwat da karabat. Ina son kaset ɗin nan ƙwarai. In na sa shi sai in ji kamar an share tsakar gida an yayyahwa ruwa. Babu komi cikinshi da ke tuna mini da ƙauyenmu.

Bayan hwari na biyu, shekarar da anka raba jar dawa, Arzika ya ce muna za shi Najeriya, an kira shi wani sutudiyo ya yi kaset na biyu. Munka yi mishi addu'a, na yi mishi guzurin ƙuli-ƙuli. Ya yi kusan wata biyu can. Da ya dawo bai biyo ta gidana ba, ya zarce Buza inda shike zaune. Na yi mamaki, amma na ce gajiya ce.

Wata ran kasuwa na hita sayen albasa. Ina tsugunne ina zaɓe, sai mai saida kaset na rumhwar gehe ya canza kaset cikin radiyonshi ya ƙara murya. Goge ne. Ja ɗaya, ja biyu, na san hannun. Hannun Arzika ba shi ɓace mini, kamar yadda muryar ɗanka ba ta ɓace maka cikin yara ɗari. Ga ƙwarya ana bugawa a baya, daidai yadda ake yi a wurin wasa. Sai muryarshi ta shigo shina cewa makiyayi ya hau dutsi, ya sauko da tunkiya bisa kahwaɗa, Yesu ne makiyayin.

Ƴan'uwa, kaina ya juye. Kunne ɗaya na jin sunan Yesu, kunne ɗaya na jin dandalin ƙauyenmu. Ina nan tsugunne waƙa ta hwarko ta wuce, ta biyu ta wuce, na kasa tashi. Da ta ukku ta hwara, sanyin nan da na manta da shi ya taɓa tahin ƙahwata. Taken Doguwa ne. An saka mishi wasu kalmomi, amma shi ne.

Na bar kwano, na bar albasa, na ruga. Ban san inda na bi ba. Na tsinci kaina bayan otogar, tashar mota, ina tsaye cikin masu lodi, garin da na yi shekara goma ciki na rasa hanyar gidana. Wata mai saida hura wadda ta san ni ita ta riƙo hannuna ta kai ni shagon Ilu.

Daga ranar nan lahiya ta ƙi. Abinci ba shi shiga. Kaina na sara. In ƙohwa ta yi ƙara sai in zabura in ce Doguwa ce ta zo. Ilu ya kai ni dispansar, majo ya duba ni ya ce ba zazzaɓi, ba komi, ya ba ni ƙwayoyi ya ce in huta. Ina zan huta? Kaset ɗin ya cika gari. Masu shayi na sa shi, direbobin Ƙonni na sa shi, mutanen da ba su taɓa leƙa eglizi ba suna tahe suna rera sunan Yesu.

Maƙwabciyata Hajiya, musulma ce, mace mai kirki, ta shigo duba ni ta ce, “Kande, ashe mai gogen nan yayanki ne? Maigidana ya sa shi ya hi sau goma. Wai wane ne makiyayin nan da ya bar garke duka ya tahi neman guda?”

Shekara goma muna katanga ɗaya, ba ta taɓa tambayata komi game da bangaskiyata ba sai ran nan. Na buɗe baki in ba ta amsa, sai kuka ya zo. Ta ɗauka ciwon ne, ta yi mini sannu ta hita. Ni kuwa abin da ke cikin kaina shi ne: in abin nan na Shaiɗan ne, mi ya sa shike sa mutane tambayar Yesu? In kuma na Allah ne, mi ya sa shike neman kashe ni?

Cikin eglizi ma magana ta rabu. Wasu dattawa sunka ce Arzika ya koma ma abin da ya tuba daga gare shi, kada a ƙara barin shi ya tsaya gaba. Matasa sunka ce sai yanzu anka yi waƙa da bakinmu. Kowane ɓangare na kallona, don an san tarihina. Masu ƙi na cewa, ku dubi ƙanwarshi yadda ta koma. Har mijina ban san inda ya tsaya ba, sai ran da na je shago neman allura na ja durowar kekenshi na ga kaset ɗin ciki. Ga hoton Arzika da ƴar shara, rungume da sabon goge. Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, “Ki yi haƙuri. Na saurara don in ji mugun abin da ke ciki, sai na kasa samun shi. Amma ni ba ni ne na hwaɗi a dandali ba, ban san abin da kike ji ba.”

Na je wurin Pasto na tambaye shi kai tsaye, goge halal ne ko haram ga mai bi. Ya ce, “Kande, na bincika. Na ga an yabi Ubangiji da kayan kiɗa masu tsirkiya. Na kuma ga an ce mu rabu da ayyukan duhu. Sunan goge ban gan shi ba ko ɗaya. Ba ni yi miki ƙarya, ni ma ban gama ganewa ba.” Na koma gida na hi da rikicewa. Na je neman wanda za shi yanke mini magana, na iske shi ma shina nema.

Sati na shida Arzika ya zo. An gaya mishi ina kwance. Ya yi sallama, ya tsaya bakin ƙohwa kamar baƙo, ya rame shi ma. Ban ba shi ruwa ba, Allah ya gahwarta mini.

Na ce, “Yaya, kai ka ce hannunka ba shi ƙara kiran ta.”

Ya ce, “Na ce.”

“To mi ke cikin waƙa ta ukku?”

Ya zauna ƙasa, ba bisa tabarma ba. Ya ce bari shi ba ni labari daga hwarko. Ya ce shekarun baya ya bi wani mai bishara kasuwar Tabotaki, ya tsaya da gitar ya yi waƙa huɗu. Mutane sunka taru suna kallon gitar kamar sabuwar mota, babu wanda ya ji magana. Da ya gama wani tsoho ya dahe shi ya ce, “Sannu, yaro. Wa ya rasu muku?” Ya ce tun ran nan abin ke cin shi, mutanenmu na jin waƙar Yesu kamar kukan baƙi. Ya yi shekara biyu shina addu'a kamin ya yarda ya sa a ɗaure mishi sabon goge.

Na ce, “Ban tambaye ka wannan ba. Waƙa ta ukku nike tambaya.”

Ya ce, “Kande, ban shirya ta haka ba. Ɗakin da anka sa ni ba taga, an lulluɓe bango da barguna, an sa mini abu a kunne, mutum na bayan gilashi shina yi mini alama da hannu. In jar hitila ta kama sai ka hwara. Na shirya kalmomin da wani kiɗa daban. Hitila ta kama, na ruhe ido, hannuna ya tahi inda ya saba. Ban ankara ba sai da anka maido mini da ita na ji. Jikina ya mutu. Na ce a goge waƙar daga kaset. Mutumin ya ce duk cikin waƙoƙin babu kamarta, amma in na nace za shi goge. Na roƙi kwana ukku. Na yi azumi. Wani lokaci in ji kamar an ce mini, kiɗan nan ba Doguwa ta halicce shi ba, ƙwace shi. Wani lokaci in ga huskarki. Kwana ukku sunka cika ban ji amsa sarai ba, na bar waƙar cikin kaset. Shi ya sa na kasa biyowa ta gidanki.”

Na zaci za shi kare kanshi in samu wanda zan yi ma hushi. Sai ga shi shi ma bai sani ba. Wannan ya hi komi ɗaure mini kai.

Kamin ya tashi ya ce, “In kin ce in daina, na daina. In bi rumhuna in roƙi a janye kaset ɗin, in ƙone wanga goge kamar na hwarko. Ke nike jira, ba dattawa ba.”

Ga shi an ba ni abin da nike so. Kalma ɗaya zan hwaɗi. Amma da na buɗe baki sai wata tambaya ta zo mini: in ya ƙone nashi, na sauran makaɗan duniya hwa? Zan ƙare raina ina gudu daga layi zuwa layi? Sai wadda ta hi ta zahi ta biyo: shekara goma sha biyun nan, wa ya tsare ni? Yesu ne, ko kuwa don ba a kaɗa ba ne? Ashe ban sani ba. Ina ta ba da shaida bisa abin da ban taɓa gwadawa ba.

Na kwana biyu da tambayar nan, Arzika na nan gari shina jira. Ran Lahadi bayan an tashi sujada na riƙe matar Pasto na ce kada su tahi. Munka rage mu biyat cikin eglizi: ni, da Ilu, da Pasto da matarshi, da Arzika. Rana tsaka, kwanon saman ɗakin na ƙara don zahi. Na ce ma Arzika shi je shi ɗauko gogen. Ya ce, “Kin tabbata?” Na ce ban tabbata ba, shi dai ɗauko.

Na durƙusa. Addu'ata ba ta da tsari. Na ce, “Yesu, na daɗe ina cewa kai ka cece ni, amma cikin zuciyata ban san ko kai ne ko shirun goge ne ba. Na gaji da gudu. In kai ne, ga ni, ka riƙe ni. In na hwaɗi ma, gabanka na hwaɗi, kai ka san yadda za ka yi da ni.” Matar Pasto ta kama hannuna na dama, Ilu na hagu. Na ce ma Arzika, “Ta ukku.”

Ya ja. Ya kuskure, ya sake hwarawa.

Sanyin ya zo, ba zan ɓoye muku ba. Ya kama ƙahwa, ya hau gwiwa, ya kai ciki. Haƙorana na haɗuwa. Na ce shi ke nan, na ruhe ido ina jiran duhu, bakina na ta cewa Yesu, Yesu, ban san ma ina hwaɗi ba. Ya kai ƙirji. Ya tsaya nan. Ina jira, ina jira. Sai na lura ina jin zuhwar hannun Ilu. Ina jin wata akuya na kuka bayan katanga. Ina jin gwiwata na ciwo bisa siminti. Na buɗe ido, ga benci, ga allo, ga yayana hawaye na zuba bisa gogenshi. Ina nan. Ni ce.

Kiɗan ya ci gaba, sai ya juya ya shiga wani wuri da ban sani ba, ya sauko a hankali, ya tsaya. Na ce, “Yaya, wannan na ƙarshen kai ka ƙara shi?” Ya ce a'a, haka taken shike tun asali. Ashe ban taɓa jin ƙarshenshi ba. Duk shekarun da anka yi ana kaɗa shi a kaina, kamin a kai rabi na riga na tahi.

Na ce shi sake. Ya sake. Sanyin ya tsaya a gwiwa. Na ukku, ƙahwa kawai ya taɓa ya wuce. Pasto ya ɗaga hannu, matarshi ta yi godiya. Ni kuwa abin da na ce, kuma har yau suna yi mini dariya, shi ne ina jin yunwa. Gidan Pasto na ci tuwo malmala biyu da miyar kuka. Yabo ga Ubangiji!

Yanzu shekara biyu ke nan. Ban hwaɗi ba, kuma na daina gudu.

Kada wata ta tare ni bayan taro ta ce in gaya mata ko goge ya dace cikin sujada. Ban sani ba. Dattawanmu har yau ba su gama shawara ba. Arzika na kaɗa shi a kasuwanni da wurin bishara, cikin eglizi kuwa gitar shike ɗauka, don kada ya zama sanadin tuntuɓen wani. Akwai ƴar'uwa a Keita mai irin tarihina wadda har yanzu ba ta iya jin kaset ɗin, kuma ban ce mata ta yi abin da na yi ba. Ban san mi ya sa hannun yayana ya tahi can a ɗakin nan ba. Ban san mi ya sa sanyin ya zo ba in Doguwa ba ta da sauran iko, ban kuma san ko ita ce ta zo anka hana ta, ko tsorona ne kawai. Na tambayi Ubangiji, bai gaya mini ba tukuna. Ni kaina har gobe kaset na hwarko ya hi kwanta mini a rai.

Watan jiya ina tankaɗe, ɗiyata Rahila na daka a tsakar gida, sai na ji tana rera waƙa ta ukku tana buga taɓarya daidai da kiɗan. Hannuna ya tashi da kanshi zan kwaɗe ta. Sai na tsaya na dube ta. Ita ba ta san kiɗan na da wata mai shi a da ba. Waƙar kawunta ce, ta Yesu, mai daɗin daka. Na mai da hannuna cikin gari na bar ta ta kai ƙarshe.

Ina gode ma Allah wanda bai jira na gane ba kamin ya riƙe ni. Ina gode mishi don mijina, da Pasto da ya ce mini bai sani ba maimakon ya ƙirƙiro amsa, da yayana. Ƴan'uwa mata, in akwai wadda ke zaune nan tana cewa an cece ta, amma cikin ranta tana rawar jiki kada abin ya dawo, kada ta ji kunya. Ta kai tsoron wurin Yesu yadda shike, da rikicewar duka, ta nemi masu riƙe mata hannu. Ni da ƙahwa mai sanyi na je, ya karɓe ni hakanan. Ku dogara gare shi. Cikin sunan Yesu, amin.